Bugu a kan yadin gwanjo: me ya sa wasu suka riƙe tawada, wasu suka zubar

Matar da wannan nazari ya shafa ma'aikaciyar ofis ce, bugun zane ba sana'arta ba ce. Abubuwa biyu take yi don nishaɗi in ta samu sarari: zagayen shagunan gwanjo, da 'yan aikace-aikacen hannu a kan teburin ɗakinta. A hankali sha'awar biyu ta haɗe wuri guda. Ta sassaƙa hoton reshe da ganyaye a jikin lino, wani abin shimfiɗa a ƙasan ɗaki da masu zane ke sassaƙawa su yi tambari da shi, ta buga shi da baƙar tawada a kan yadi goma sha biyu da ta tsinto a gwanjo a lokuta daban-daban. Akwai tsofaffin zannuwan gado da ta yayyanka, akwai rigunan filo, akwai kuma mayafan tebur guda biyu. Niyyarta a ɗinka rigunan matasan kujera da su ta rarraba wa 'yan'uwa. Da ta kammala sai ta bi su duka da dutsen guga mai zafi, don ta ji an ce guga ce ke kama tawada, sannan ta haɗa su ta zuba a injin wanki.

Biyar suka fito lafiya lau, baƙin yana nan daram. Huɗu suka koɗe, kowanne da irin koɗewarsa. Uku kuwa zanen ya tafi ɗungurungum, sai wata 'yar inuwa da ba a ganinta sai an ɗaga yadin a haske. Ruwan wankin ya yi baƙi, har ya dusashe farin sauran.

Hukuncin da ta fara yankewa shi ne laifin gwanjo ne, araha ba ta ado, gara ta sayi sabon yadi ta huta. Yayarta, wadda tela ce kuma ta daɗe hannunta na cikin yadi, ita ta taka mata birki. Ta shimfiɗa su duka a ƙasa, ta ware biyar ɗin da suka tsira gefe guda, ta ce, "Ƙanwata, zo ki dubi waɗannan da kyau. Ai su ne mafi tsufa a ciki. In tsufa ne laifin, da su za su fara zuba." Maganar ta zauna. Daga nan suka shiga bin kowane yadi ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar abin da aka yi masa da wanda ba a yi masa ba.

Kwalin kayan aiki

Kusan duk kayan bugun daga kwali ɗaya suka fito, wanda ta saya a dunƙule a gwanjo. Da gani wani ne ya fara sha'awar abin ya watsar. A ciki akwai wuƙaƙen sassaƙa masu baki kamar harafin V da masu baki kamar U, da rolar roba ta shafa tawada, da 'yan fallayen lino, da bututun tawada masu yawa, wasunsu rubutun jikinsu ya goge. Abu ɗaya kawai ta saya sabo: ƙaramin bututun baƙar tawada wanda aka rubuta a jikinsa cewa ta yadi ce.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan lino, saboda yadda aka yi shi zai sake tasowa a batun tawada. Ba shi ne ledar ɗakin da aka fi sayarwa yanzu ba, waccan yawancinta robar PVC ce. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Walton ne ya ƙirƙiro lino a shekarun 1860, bayan ya lura cewa man linsid, wato man da ake tatsa daga 'ya'yan tsiron da ake saƙa lilin da zarensa, yana daskarewa ya yi yauƙin roba idan ya daɗe yana shan iska. Sai ya cuɗa wannan daskararren mai da ƙaro da garin katako da garin ɓawon itacen da ake yin toshiyar kwalba da shi, ya danne su a kan algarara. Don shimfiɗa a ƙasa aka yi shi. Masu zane ne suka gano yana da daɗin sassaƙa, tunda ba shi da jijiya irin ta katako, wuƙa tana bi ta duk inda aka juya ta. Masu zane 'yan ƙungiyar Die Brücke da aka kafa a birnin Dresden na Jamus a 1905 suna cikin waɗanda suka fara buga hoto da shi, mai zane Picasso kuma ya yi ayyuka da yawa da shi a garin Vallauris na kudancin Faransa daga ƙarshen shekarun 1950.

Man da ke cikin lino ba ya daina shan iska. Shi ya sa wanda ya daɗe a ajiye yake ƙeƙashewa, in an sa masa wuƙa sai ya dinga ɓantarewa maimakon ya fita sili-sili. Nata haka yake. Ta shawo kansa da na'urar busar da gashi, tana ɗumama shi kaɗan-kaɗan tana sassaƙawa, ta kuma wasa wuƙaƙen da suka dakushe. Bakin ganyayen ya ɗan fito da kaushi, wanda ni a ganina ya ƙara wa zanen kyau. Tambarin dai ba shi da hannu a abin da ya faru a wanki, don haka aka sallame shi tun da wuri.

Ukun da suka wanke tas

Waɗannan su suka fi tayar mata da hankali, su ne kuma suka fi sauƙin ganowa. Da aka matsa mata da tambaya sai ta tuna cewa sabon bututun ya ƙare ana saura yadi uku. Ta leƙa cikin kwalin, ta ga wani baƙin bututu da rabin takardarsa ta yage, ta matso shi a kan gilashi, ta ga kaurinsu ɗaya, baƙinsu ɗaya. Da ta zo wanke rola kuma, shi ma ya fita da ruwa da sabulu kamar na farko. Ba ta ga dalilin zargi ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin ana ɗaukar bugu da rini abu ɗaya ne. Rini yana shiga cikin zaren ya kama shi. Masu bugun yadi na gargajiya a garuruwan Bagru da Sanganer na jihar Rajasthan a Indiya, alal misali, sukan buga alif ne da tambarin katako a inda suke son ja ya fito, sannan su tsoma yadin a ruwan saiwar da ke ba da jan launi, launin ya kama inda alif ya taɓa. Aiki ne mai matakai da yawa, mai cin ruwa da lokaci. Tawadar bututu da mai aikin gida ke saya ba haka take ba. Garin launi ne da ba ya narkewa, aka cuɗa shi da wani abu mai manne shi a jikin zare. Ingancin bugu a wanki ya rataya ne a kan wannan abin mannewa, kuma ba iri ɗaya ba ne a kowace tawada.

Akwai wadda aka haɗa da dangin ƙaro. Ruwa ne ke narkar da ita, in ya ƙafe ta bushe, in ya dawo ta sake narkewa, ko da ta shekara a bushe. Don takarda aka yi ta, makarantu na sonta saboda ba ta ɓata wa yara tufafi. Akwai ta akirilik, wadda in ruwanta ya ƙafe take barin siririn fatar roba a kan zare. Irin wadda aka yi don yadi tana bukatar a goge ta da dutsen guga na 'yan mintuna kafin ta jure wanki. Sai kuma ta mai, wadda ba ƙafewa take yi ba, iskar oksijin take sha sannu a hankali har ta daskare, kamar dai yadda man da ke cikin lino ya daskare. Wannan kwanaki take ɗauka, wani lokaci har makonni in an lafta ta da kauri. Abin da ke kawo ruɗani shi ne wasu daga cikin tawadar mai na zamani an sarrafa su yadda sabulu da ruwa ke wanke su muddin suna ɗanye. Saboda haka fitar tawada daga jikin rola da ruwa ba ya nuna ko wace iri ce.

Gwajin da ya raba gardama bai ɗauki komai ba. Ta matse ragowar sabon bututun ta samu ɗan ɗigo, ta shafa a takarda, ta shafa na tsohon bututun a gefensa, aka bar su suka bushe sosai. Yayar ta jiƙa yatsa ta goga. Na sabon ko gezau. Na tsohon ya narke nan take ya bar mata baƙi a yatsa, wato tawadar ƙaro ce, ta sabon kuwa ta mai ce.

To ashe gugar da ta sha wahalar yi ba ta shafi ko ɗaya daga cikin tawadar biyu ba. Shawarar da ta ji gaskiya ce, amma ta masu akirilik ce. Ta ƙaro ko an kwana ana goge ta ba za ta kama ba. Ta mai kuwa ɗumi na iya ɗan hanzarta ta, amma ba ya tsaya mata a madadin kwanakin da take bukata. Baƙin da ya dusashe farin sauran yadin ma daga ukun nan ya fito: garin launin ya saki, ya yi ta yawo a cikin ruwa yana sauka a kan duk abin da ya samu. Yawancinsa ya fita da aka sake wanki.

Huɗun da suka koɗe

Ruwa ba ya tsami banza, amma a nan tsamin ba daga wuri ɗaya ya zo ba. Duka huɗun da tawada mai kyau aka buga su, irin wadda ta zauna a kan biyar ɗin, sai dai kowanne da labarinsa.

Na farko yanki ne na zanen gado, ɗan'uwan wasu biyu da suka fito lafiya, daga zani ɗaya aka yanko su. Tunda yadi ɗaya ne kuma tawada ɗaya, dole bambancin ya kasance a abin da ya biyo bayan bugu. Yayar ce ta hango alamar: a ɗaya gefen yadin, inda ba a buga komai ba, akwai hoton reshen a juye, dishi-dishi. Wato an ninke shi tawadar tana ɗanya. Sai matar ta tuna cewa igiyar shanya ta cika, ta taɓa wannan washegari ta ji ba ya kama hannu, ta ninke shi ta sa a jakar leda ta ɗaure don kada ƙura ta hau. Saman tawadar ne kawai ya yi fata. Cikinta na nan ɗanye, ledar kuma ta tsare mata iskar da za ta ƙarasa daskarewa da ita. Tun da sabulu na wanke irin wannan tawadar in tana ɗanya, sai injin wanki ya yi mata abin da ake yi wa rola. Hanyar gane ko ta nuna ita ce a goga farar takarda mai laushi da ɗan ƙarfi a inda tawadar ta fi kauri, a kuma shinshina. In takardar ta ɗauko baƙi, ko ƙamshin mai na tashi sosai, da sauran lokaci.

Na biyu rigar filo ce, auduga zalla, takardar da ke nuna haka tana nan a ɗinkin gefe. Koɗewarta dabbare-dabbare ce, ta fi yawa a tsakiya. Da aka tambaye ta ko ta wanke ta kafin bugu sai ta ce a'a, ai da ƙamshinta ta zo, ga laushi, ba ta ga abin wankewa ba. Su kuwa zannuwan gadon warin ajiya suke yi, shi ya sa ta dafa su da ruwan zafi da sabulu tun ranar da ta kawo su. Abin dariya, warin ne ya cece su. Ruwan tausasa tufafi da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe yana aiki ne ta hanyar lulluɓe kowane zare da wani siririn maiƙo, shi ne santsin da hannu ke ji, shi ne kuma ke sa tawul ya rage shan ruwa in an yawaita sa masa. Ƙara da cewa rigar filo ce, tsakiyarta ta sha man gashin wani na tsawon lokacin da ba wanda ya sani. Tawadar ta manne ne a jikin maiƙon, da sabulu ya ɗauke maiƙon sai ya tafi da ita.

An tabbatar da wannan da ɗigon ruwa. Ƙyallen bayan rigar filon da ta yanke ta ajiye, wanda bai shiga wanki ba, aka ɗiga masa ruwa, ɗigon ya tsaya a sama na ɗan lokaci kafin ya nutse. Aka jiƙa ƙyallen a ruwan zafi da sodar wanki, aka ɗauraye, aka shanya, aka sake ɗigawa, ruwan ya shige nan da nan ya bazu. Kuma kada a ɗauka sabon yadi ya kuɓuta daga wannan. Shi ma da sitacin masaƙa yake zuwa, sai an wanke. Hasali ma tsohon zanen auduga da ya sha wanki shekara da shekaru, in an fitar masa da maiƙo, ya fi sabo karɓar tawada, domin ya gama tsukewa, zarensa ya buɗe.

Mayafan tebur biyun su suka fi cin lokaci. Farare ne, masu nauyi, a hannu kamar lilin, shi ya sa ma ta saye su. An yanke takardunsu. Tawadar da ke kansu ba dusashewa ta yi ba, ɓarewa ta yi a kan tudun saƙar, ta rage a cikin ramukan. Da aka ɗiga musu ruwa sai ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza, kuma ko bayan sodar wanki bai sauya hali ba. A jikin ɗayan akwai wani wuri mai sheƙi, daidai siffar gindin dutsen guga.

Yayar ta ce a kawo kyandir, da awartaki, da faranti mai ruwa. Ta zaro 'yan zarurruka daga kalmasar zanen gado mai kyau, ta murɗa su, ta riƙe da awartaki ta kai bakin wuta. Suka kama nan take da harshen wuta rawaya, warin ƙonanniyar takarda ya tashi, da ta hure sai bakin ya ci gaba da ja, abin da ya rage toka ce mai laushi, tana murzawa ta zama gari. Sai ta zaro na mayafin teburin. Tun kafin ya taɓa wutar ya fara nannaɗewa yana ja da baya. Da ya kama sai ya yi baƙin hayaƙi yana narkewa, ya ɗiga a ruwan farantin. Da ya huce ta miƙa wa ƙanwar ta ce, "Murza mu gani." Wani ɗan baƙin ƙullutu ne mai tauri, farce ma ba ya fasa shi, sai 'yar toka kaɗan a gefe. "To kin ji lilin ɗinki," in ji ta. "Roba ce, an ɗan yayyafa mata auduga."

Foliyesta ke nan. Abin mamaki, a ɗakin binciken wani kamfanin masu bugun yadi na Manchester, wato Calico Printers' Association, aka samo shi: John Rex Whinfield da James Tennant Dickson ne suka yi rajistar ƙirƙirarsa a 1941. Zarensa sumul yake kuma kusan ba ya shan ruwa. Auduga na riƙe danshin da ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta daga iska kawai, shi kuwa bai kai kashi 1 ba. Yana narkewa a wajen digiri 250 na ma'aunin Salshiyas, amma tun kafin nan yake laushi ya baje, shi ne sheƙin da aka gani. Ɗigo-ɗigon da ke jikin dutsen guga da takardun tufafi suna nuna iyakar zafi ne: ɗaya wajen digiri 110, biyu wajen 150, uku wajen 200. Ita a kan uku ta ajiye, ta bi da kowa.

Amma a yi wa foliyesta adalci. Masu yin tawadar yadi da dama suna lissafa shi cikin abin da tawadarsu ke kamawa, kuma ana bugu a kan yadi mai gaurayen auduga da foliyesta ya zauna. Bambancin shi ne tawadar ba ta nutsewa, a sama take zama, ta fi jinkirin daskarewa, ta fi kuma saurin gogewa. Abin da ya ƙarasa lalata lamarin a nan shi ne mayafin tebur ne. Irin waɗannan sau da yawa ana shafe su tun a masana'anta da maganin da ke hana ruwa da maiƙo kama su, kuma an yi maganin ne don ya jure wanki. Yadin da aka shirya don ya ƙi tabo, tawada ma tabo ce a wurinsa. Ɗigon ruwan da ya gangara shi ne shaidar da ta fi ƙarfi, gwajin wutar ƙari ne.

Gwajin wuta ma yana da iyakarsa. Biskos, zaren da ake sarrafawa daga itace, yana ƙonewa kamar auduga, ba za a bambanta su ta nan ba. Lilin ma haka. Ulu da siliki warin ƙonannen gashi suke yi, su bar ƙullutun da ke murƙushewa. Gaurayen yadi kuwa yana nuna alamu biyu a lokaci guda, ya danganta da wanne ya fi yawa. A yi shi da 'yan zarurruka kawai, a kan ruwa, kada kuma a riƙe da yatsa, don narkakkiyar roba tana manne wa fata.

Akwai wani abu da ya so ya kai su daji. A jikin biyu daga cikin masu kyaun akwai wani layi mai haske da ya ratsa zanen a kwance, har suka fara zargin ninki ne a wanki. Da ta buga tambarin a takarda sai layin ya sake fitowa. Rolar ce. Mai ita na farko ya ajiye ta robar tana kwance a ƙasan kwali da kaya a kanta, har gefe ɗaya ya baje, duk juyi ɗaya sai ta tsallake wuri. Tana iya rage shi in ta shafa tawadar ta fuskoki daban-daban, amma robar da ta baje ba ta komawa. Rola dai ta shiga jerin abin da ya fi kyau a saya sabo.

Abin da ya sauya

A teburin aiki sauyin ɗaya ne babba. Duk yadin da ya shigo sai an wanke shi da ruwan zafi da sodar wanki, ba ruwan tausasawa, sannan a yanki ƙyalle daga gefensa a buga masa ɗan ƙaramin tambari. A rataye ƙyallen a buɗe har ya cika kwanakin da aka rubuta a jikin tawadar, a wanke shi shi kaɗai, sannan a maƙale shi a littafi tare da rubuta wane yadi ne da wace tawada. Sai ƙyallen ya ci jarrabawa ake taɓa babban yadin. Tana shimfiɗa tsohon bargo a ƙarƙashi don tambarin ya nutsa daidai, tana kuma shafa tawadar sirara sau da yawa maimakon laftawa sau ɗaya, tunda kauri ne ke ja wa bushewa dogon lokaci. Tsummokaran da ta goge tawadar mai da su ba ta dunƙule su a kwandon shara, domin man linsid yana fitar da zafi yayin da yake shan iska, tarin tsumman da ya jiƙe da shi na iya kamawa da wuta da kansa. Shanya su take yi a warwatse har su bushe.

Sauran bututun kwalin duka an yi musu gwajin jiƙaƙƙen yatsa. Masu narkewa sun koma bugun katunan gaisuwa a takarda, inda suke da kyau ƙwarai. Wani rawaya da wani ja da ba su da takarda ko kaɗan an ware su, saboda wasu tsofaffin launuka na masu zane da dalma ko kadmiyam ake haɗa su, ba abin da za a buga a kan matashin da yaro zai kwanta a kai ba ne.

A wajen saye kuwa, hannunta ya koyi abin da ido ba ya gani. Shagunan gwanjo, har da na ƙungiyoyin agaji irin Oxfam da ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940, suna tantance kaya ne ta fuskar ko za su sawu ko za su shimfiɗu. Ba wanda zai gaya maka da me aka wanke zani ko me aka shafa masa. Yanzu takan lalubo takarda a ɗinkin gefe tukuna. In babu, sai ta damƙe gefen yadin a tafin hannu ta saki: auduga da lilin suna riƙe yamutsewa, mai yawan roba yana miƙewa. Takan ɗaga zanen gado a haske, don tsakiyarsa ne ke fara cinyewa alhali gefuna na nan da ƙarfinsu. Saƙa mai tudu da kwari, ko mai sheƙi sosai, ta daina ɗauka, tunda layukan sassaƙa masu siriri ba sa fita a kansu. Mayafan tebur kuwa ta yafe su sai in ta ga takarda.

Akwai wani abu da binciken ya tono wanda ba shi aka je nema ba. Da ake neman ragowar ƙyallaye don gwaji sai aka buɗe kabad, aka tarar da yadin da ko ta shekara tana bugu ba za ta cinye shi ba. Ni a nawa ganin wannan ne haɗarin haɗa sha'awar gwanjo da ta aikin hannu. Saye daɗinsa nan take ne, ka tsinci abu mai kyau ka dawo kana murna. Bugu kuwa sai ka zana, ka juya hoton saboda tambari a juye yake fitarwa, ka sassaƙa, ka buga, ka jira mako. Ɗaya na gudu ɗaya na rarrafe, sai mutum ya wayi gari yana tara kaya da sunan zai yi aiki. Da alama ma haka mai kwalin farko ya yi kafin kwalin ya faɗa gwanjo. Ta ɗaukar wa kanta ƙa'idar ba za ta sake sayen wani yadi ba sai na cikin kabad ya ragu, ban da farar auduga mai kauri, wadda ta ce ba kullum ake samunta ba. Yayar ta ce wannan togaciyar kaɗai ta isa ta cika wani kabad ɗin.

Cikin goma sha biyun, ukun da suka wanke tas su suka fi sauƙin gyara, tunda auduga ce wankakkiya, aka sake buga su da tawadar yadi suka zauna. Wanda aka ninke ɗanye an sake buga shi a bayansa. Rigar filon, bayan ta sha soda, an ɗora mata sabon bugu an ɗan goce daga kan tsohon, sai dusasshen zanen ya zama kamar inuwar sabon, har wasu suka fi sonta a kan sauran. Mayafan teburin ne ba a samo musu magani ba. An gwada tawadar akirilik a ƙyallensu da guga a kan ɗigo biyu, ita ma ta ɓare bayan wanki. Yayar ta yanka su ta yi bayan rigunan matasan da su, inda ƙin tabon nasu yake da amfani. Har yanzu ba su daidaita a kan yadi mara takarda ba: yayar na cewa a bar shi a inda aka gan shi, ƙanwar na cewa mafi kyawun zannuwan da ta taɓa samu tsofaffi ne da takardarsu ta daɗe da gogewa, don haka za ta ci gaba da ɗauka, ta zaro zare daga kalmasa ta ƙona in ta dawo gida.